Tambaya da Amsa: In ci gaba da gyaran tsohuwar a-kori-kurata, ko in rabu da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, mai shan dizal, ƙirar 2004. Hannu na biyu na saye ta, yanzu ta haura kilomita 400,000. Da ita nake ɗaukar kaya a hanyar da ba kwalta, da damina kuwa in ba ita ba, ba fita. Cikin shekara guda na canja kuloci, na canja lagireto, na gyara ƙafar gaba. Yanzu ta fara shan baƙin mai, tana hayaƙi da safe, giyar ƙafa huɗun ma wata rana ta shiga, wata rana ta ƙi. Bakanikena ya ce sai an sauke inji, kuma kuɗin da ya yanka ya kusa rabin abin da za a sayi motar. Yayana ya ce in sayar tun tana motsi. Ni kuma ina ganin na riga na zuba mata kuɗi da yawa, in na sayar yanzu na yi asara. Me ka gani? — Wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a nema. Zan fara da maganarka ta ƙarshe, don ita ce ta ɗaure ka. Kuɗin kuloci da na lagireto sun tafi, ko ka sayar ko ka riƙe ba za su dawo aljihunka ba. Amfaninsu a lissafin yau ɗaya ne: sun rage yawan abubuwan da za su ba ka matsala nan gaba. Ban da wannan, cire su daga ranka. Kada zafin kuɗin bara ya sa ka sauke inji bana.

Ita ma maganar rabin kuɗin mota, ana yawan faɗarta, wai in gyara ya kai rabin darajar mota a kasuwa sai a rabu da ita. Ga irin motarka ni ban yarda da wannan ma'auni ba. Darajar kasuwa ita ce abin da baƙo zai biya a kan motar da ta haura shekara 20 wadda bai san halinta ba. Kai kuwa aiki take yi maka. Abin da za ka ɗora kuɗin gyaran a kansa shi ne nawa za ka kashe kafin ka sami wata da za ta ɗauki wannan kaya, ta bi wannan hanya cikin taɓo.

Ka ba ni labarin inji, ka ba ni na giya, amma ba ka ce uffan a kan shasi ba, kuma a can hukuncin yake. Shasin a-kori-kura shi ne dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da gajeru da suka haɗa su a gicciye, a kansu aka ɗaure komai: inji, giya, sifirin, tanki, bodi. Duk abin da aka ɗaure da noti ana kwance shi a sa wani. Shasi kuwa, canja shi na nufin a warware motar ɗungurungum a sake haɗa ta, aikin da da wuya ya biya kansa a tsohuwar mota. Na sha ganin mutum ya kashe maƙudan kuɗi ya sabunta inji, bayan 'yan watanni kunnen sifirin na baya ya ɓalle daga shasi da kaya a sama. Irin wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin duba na awa ɗaya da ya hana.

Ga yadda za ka yi. A wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi har duk busasshen taɓo ya fita, a bar ta ta bushe, sannan a hau da ita kan ramin gareji. Ka shiga da kanka, da tocila da ƙaramar guduma da sukudireba, kada ka aika kowa. Ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifin ƙara, wanda tsatsa ta cinye kuwa ƙararsa a dushe take, kuma za ka ga yana zubar da ɓawo. Ka fi tsayawa a inda kunnuwan sifirin na baya suka kama shasi, da saman tanki, da daidai inda kan mota ya ƙare bodin kaya ya fara, da inda kayan sitiyari da na ƙafar gaba suke ɗaure. In shasin rufaffe ne mai kusurwa huɗu, ka leƙa ta ramukan jikinsa, domin irinsa daga ciki yake ruɓewa: taɓo ya shiga ya kwanta da laima, waje kuma fenti na nan fes. Jar tsatsa ta sama ba abin tsoro ba ce, a kankare a shafa maganinta a yi fenti. In kuwa sukudireba ya huda, ko ƙarfen ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ko ka ga tsaga, magana ta canja.

Kuma ba motocin banza kaɗai wannan ke samu ba. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka a kan tsatsar shasi, wanda ya shafi motoci wajen miliyan 1.5 ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia, inda aka yarda a duba su, wanda ya ruɓe a canja masa shasi. A can gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ne babban mai laifi. Iskar bakin teku, da takin zamani da ke zubewa a bodi, da taɓon da ba a wankewa, duk suna yin irin wannan ɓarnar, sai dai a hankali.

Walda fa? Rami ɗaya a miƙaƙƙen wuri, gwanin mai walda zai yanke ruɓaɓɓen ya sa ƙarfe mai kauri daidai da na asali, ya zauna lafiya. Amma in ruɓar ta bazu, ko tana inda sifirin da sitiyari suke kamawa, faci a kan tsatsa gyaran gangar auzinawa ne, gefen waldar ne zai tsage.

In shasi ya fita lafiya, sai mu zo kan inji. "A sauke inji" hukunci ne, kuma ina so ka nemi hujja kafin ka amince da shi. Ba ka faɗa mini launin hayaƙin ba. Shuɗi alamar ƙona baƙin mai ne. Baƙi alamar dizal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa daga nozul mai fesa dizal cikin inji ko toshewar matatar iska. Fari da safe wanda ke ɗaukewa in inji ya ɗumama, a motar dizal yawanci hitar da ke ɗumama silinda kafin a tada inji ce ta mutu ko nozul ba ya feshi daidai, kuma duka biyun ba sa bukatar a buɗe inji. Farin da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa, shi ne abin damuwa. A nan ina da tambaya gare ka: me ya sa ka canja lagireto? In motar ta taɓa tafasa a hanya, a duba gasket da kan inji. Ka buɗe murfin lagireto da safe inji na sanyi, ka tada ta, ka ga ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ka zaro sandar gwajin mai ka ga ko man ya yi fari-fari ya haɗu da ruwa.

Shan man ma a auna shi. Cika shi daidai kan layi, ka yi kilomita 1,000, ka ga nawa ya ragu. Akwai kamfanonin da suka rubuta a littafin mota cewa iyakar abin da suke ɗauka a matsayin daidai shi ne lita ɗaya a kilomita 1,000. Tsohon injin da ke shan ƙasa da haka, yana tashi bugu ɗaya, yana jan kaya, zai iya yin shekaru ana ƙara masa mai. Sannan a tabbatar ba yoyo yake yi ba, kuma in tana da tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, a duba shi, domin tabon da ya gaji yana tura mai cikin inji har a zargi ringi a banza. Daga nan bakanike ya sa ma'auni ya gwada ƙarfin matsin kowace silinda, in bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 akwai magana. Ya kuma gwada ƙarfin bugun mai da ma'auni lokacin da inji ya yi zafi sosai. In waɗannan biyun sun faɗi, bakanikenka ya yi gaskiya. In bai da kayan gwajin, je wurin mai su, ba raina shi ka yi ba.

Giyar ƙafa huɗu ita ce ta fi ba ni kwanciyar hankali a wasiƙarka. Abin da ke shiga yau ya ƙi gobe yawanci ƙaramin abu ne: makullin ƙafar gaba ya bushe da datti, ko siririn tiyon iska ya tsage, ko 'yar na'urar lantarkin da ke tura giyar ta gaji. Rashin amfani ma na kawo haka, shi ya sa Toyota ke rubutawa a littafin wasu motocinta cewa a yi aƙalla kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata don mai ya zagaya. A juye man akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da na aksul biyun, a duba. Ɓarɓashin ƙarfe masu girma na nufin haƙora sun fara ci. Man da ya yi fari na nufin ruwa ya shiga, abin da ke faruwa in aksul mai zafi ya tsunduma cikin ruwan sanyi ya zuƙo ta kafar numfashinsa. Mai bin hanyarka ya kamata ya duba wannan bayan kowace damina.

Yanzu lissafi. Tara duk abin da ka kashe a gyara cikin shekara biyu ka raba 24, ka ƙara da ranakun da aiki ya tsaya saboda tana gareji. Ka kuma lura da irin lalacewar. Kuloci da birki da shokozoba da boris kayan ƙarewa ne, kowace mota na cin su, kuma ana ganin zuwansu. Wanda ke gajiyar da mutum shi ne na ba-zata, wayoyin da suka bushe, yau fitila gobe ƙin tashi a tsakiyar daji, ko kayan gyaran da sai an yi makonni ana cigiya. A ɗaya gefen ka rubuta cikon da za ka yi a kan kuɗin wannan kafin ka sayi wata. Kada ka manta cewa wadda za ka iya saya ma tsohuwa ce, kuma kusan cinikin biri a sama ne, tayoyinta da bel ɗinta da mayukanta duk a kanka za su faɗa a watannin farko.

Akwai abu guda da ke goyon bayan yayanka wanda ba zan ɓoye maka ba. Motar da ta yi tsayi daga ƙasa ta fi saurin kifewa, kuma galibin a-kori-kurar 2004 ba su da na'urar da ke taka birkin ƙafa ɗai-ɗai da kanta in mota ta fara zamewa. Amurka ta wajabta ta daga motocin ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar ƙaramar mota daga Nuwamba 2014. Ba gyaran da zai ƙara wa motarka ita. In iyalinka kake ɗauka a doguwar tafiya da gudu, wannan ya isa dalili mai nauyi.

Ra'ayina shi ne, in shasi lafiya lau kuma kayan gyara na samuwa, riƙe motarka. Fara da bututun birki da kayan sitiyari da tayoyi, ka duba lambobi huɗun da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko da haƙoranta na nan. In gwaji ya nuna injin ya gaji, a yi masa aiki cikakke sau ɗaya da kaya nagari, ba yau ringi gobe metal ba. In kuwa shasi ya ruɓe, bi maganar yayanka, ka sayar, ka kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ka gani a ƙarƙashi. Kowanne za ka zaɓa, ka yanke shawara kafin a kwance noti ɗaya, domin motar da injinta ke warwatse a ƙasa ba ta da ciniki sai na kayan gyara.

TAMBAYA: Malam, tawa in na sa ƙafa huɗu a kan kwalta na karya kwana sai ta riƙa cijewa, tayoyi na kuka, giyar kuma ta ƙi fita. Ta lalace ne? — Wani mai karatu

AMSA: Malam, da alama lafiyarta ƙalau, amma ka daina. Yawancin a-kori-kura in an sa ƙafa huɗu, gaba da baya a kulle suke, dole su juya daidai. A kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A yashi ko taɓo taya na ɗan zamewa bambancin ya fita, a busasshiyar kwalta ba inda zai fita sai ya taru a farfela, wato sandar da ke kai juyi ga ƙafafu, da haƙoran giya, shi ne cijewar da kake ji. In ta ƙi fita, mayar da giyar kan ƙafa biyu ka yi baya a miƙe 'yan mitoci, ko ka sauka gefen hanya kan ƙasa, za ta saki. Ka kuma tabbatar tayoyin huɗu girmansu ɗaya, iskarsu daidai, domin bambancin taya na kawo wannan cijewar ko a miƙaƙƙiyar hanya.