Gwajin homon biyu sun saɓa wa juna, wanne zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 46, ina zaune a Jos. Kusan shekara guda ke nan al'adata ta rikice, wani lokaci ta zo bayan kwana 21, wani lokaci in yi wata biyu ban gan ta ba. Da dare zafi yakan taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe sharkaf da gumi. Sau uku ana ba ni maganin maleriya da taifot. A watan Maris na yi gwajin homon, FSH ya nuna 38, aka ce al'ada ta ɗauke. A Yuni na sake, ya nuna 9, aka ce lafiyata ƙalau. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma kowanne labarin ranar da aka ɗebi jinin kaɗai ya bayar.

FSH wani sinadari ne da ke fitowa daga wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, aikinsa ya tashi gidan ƙwai ya nunar da ƙwai. A ƙuruciya, sallama ɗaya ta isa a amsa. In shekaru suka ja, ƙwayayen suka ragu, sai gidan ya yi nauyin ji, mai sallama kuma ya dinga ɗaga murya. Ɗaga muryar nan ita ce 38 ɗinki. Wani watan kuma sai a amsa da wuri, ƙwai ya nuna, sinadarin istirojin ya hau, FSH ya sauko kamar ba a yi komai ba. Ga 9 ɗinki nan. Haka abin yake hawa da sauka a shekarun da ke gaban ɗaukewar al'ada, kuma yakan ɗauki shekara huɗu, wasu matan har takwas ko fiye.

Shi ya sa tun 2015 hukumar NICE ta Ingila, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya, ta ce macen da ta wuce 45 tana da irin alamominki ba ta buƙatar wannan gwaji. Shekarunki da labarinki sun wadatar. Mace ta yi gumi a Kano cikin Afrilu ba abin tambaya ba ne. Amma a Jos, cikin hunturu, maigida ya ƙudundune cikin bargo biyu, ke kuwa kin tashi ƙarfe biyun dare kina fifita da murfin kwano kina canza riga, bayan minti biyar kuma sanyi ya kama ki? Wannan ya fi takardar lab bayani. Inda gwajin ke da amfani shi ne ga wadda ba ta kai 45 ba, musamman 'yar ƙasa da 40, kuma ko ita sai an maimaita bayan sati huɗu zuwa shida. Mai shan ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu kuwa, sakamakonta ba abin dogaro ba ne.

Maganar maleriya da taifot tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mace ta ce jikinta na zafi, ba a sa mata ma'aunin zafi ba, ba a tambaye ta al'ada ba, sai a rubuta allurai. Ki sayi ma'aunin ki ajiye a gefen gado. In zafin ya taso ki auna: wannan zafin ba ya kai jiki digiri 38 irin na zazzaɓi, kuma cikin 'yan mintoci yake wucewa.

Kuɗin gwaji na uku, gara ki kashe shi inda zai yi amfani. Gwajin ciki ne farko, kada ki yi dariya. Muddin ƙwai na fita jefi-jefi, ciki na iya shiga, kuma ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 cur babu ɗigo. In ba ki son haihuwa yanzu, ki ci gaba da tsarin iyali har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan ya zo kafin ki cika 50, ko shekara ɗaya in bayan 50 ne. Sai gwajin TSH, wato gwajin jini na aikin maƙoƙo, domin ciwon maƙoƙo yana kawo gumi, bugun zuciya da rikicewar al'ada sak irin wannan. A duba yawan jininki da sukari. In gumin dare ya haɗu da tarin da ya wuce sati biyu da rama, a nemi tarin fuka.

Akwai jinin da ba a jingina wa shekaru: wanda ke cika audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, mai guda-guda, wanda ya wuce sati, mai zuwa bayan saduwa ko tsakanin al'ada biyu, da duk wanda ya dawo bayan wata 12 ɗin nan. Wannan sai likitan mata, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, a yi hoton mahaifa a duba bakinta.

In zafin ya hana ki barci, ba dole ba ne ki yi ta haƙuri. Maganin homon yana aiki sosai, amma sai an tantance, don wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya tana da wata hanyar daban. Kafin ki je, ki samu kalandar bango ki riƙa sa alama ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, da daren da gumi ya tashe ki. Za ta taimake ki wajen lissafin sallah da azumi ma. Ki tafi da ta wata uku, tare da takardun nan biyu da kwalayen duk maganin da kike sha, har da na gargajiya.