Bututun ruwa ya fashe, katangar maƙwabci ta zube: wa zai biya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ina haya a wani gida a Kano, mu huɗu ne 'yan haya, rijiyar burtsatse ɗaya da tanki ɗaya muke amfani da su. Bututun roba da ke kai ruwa tanki ya bi ta bayan gida a jikin katanga, rana ta gama cinye shi. Mako uku da suka wuce na ga yana yoyo, na tura wa mai gida saƙo ta WhatsApp har da hoto, ya ce zai turo mai gyara, shiru kake ji. Daren Laraba da aka kawo wuta na kunna inji na kwanta. Da asuba muka tarar bututun ya fashe, ruwa ya kwana yana bin gindin katangar maƙwabcinmu. Ginin ƙasa ne, wani sashe ya zube, buhu biyu na masararsa sun jiƙe. Na biya mai gyaran famfo naira 38,000 daga aljihuna. Yanzu maƙwabci ya ce ko in gina masa katangar bulo ko ya kai ni wurin 'yan sanda. Mai gida kuma ya ce tunda ni na kunna inji babu ruwansa. Wa doka ta ɗora wa biyan maƙwabci? Kuma zan iya cire kuɗin gyaran daga kuɗin haya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kiyaye gaba, Ya kuma sa iyakar asarar ke nan. Kafin komai, ka ɗauki hoton wannan saƙo da ka tura wa mai gida tare da amsarsa, yadda kwanan wata zai fito fili, ka tura wa wani amintaccenka ya ajiye. Duk maganar da za a yi, a zauren mai unguwa ko a gaban alƙali, a kan tambaya ɗaya za ta tsaya: wa ya san bututun yana yoyo, tun yaushe ya sani, me ya yi a kai?

Dalili shi ne, fashewar bututu kaɗai ba ta ɗora wa mutum biyan diyya. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga Ingila, daga shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, wadda ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya kuɓuce ya yi ɓarna, zai biya ko da bai yi sakaci ba. Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yi aiki da ita a 1975 a shari'ar Umudje, a kan ɗanyen mai da ya malala. Idan maƙwabcinka ya ɗauki lauya, da wannan zai fara. Sai dai tun 1913, a shari'ar Rickards da Lothian, aka yanke cewa ruwan famfo na amfanin gida abu ne da kowa ya saba da shi, bai shiga wannan ƙa'ida ba. Tankin da mutum huɗu ke wanka da girki da shi ba madatsar ruwa ba ne. Don haka dole maƙwabci ya nuna sakaci: an san da matsalar, ko ya kamata a sani, aka ƙyale ta.

A nan ne mai gidanka ya fi ka shiga. Gidan da 'yan haya da yawa suke tarayya a tanki, inji da bututu, waɗannan kaya ba sa cikin ɗakin da aka ba kowa haya. Suna hannun mai gida, shi ne kuma doka take sa ran ya kula da su gwargwadon hankali. Ka sanar da shi, ya amsa cewa zai turo mai gyara, mako uku suka wuce. Wannan amsa tasa ita ce ta ɗaure shi, domin ta nuna ya sani, ta kuma nuna ya yarda gyaran nasa ne. Amma ka duba takardar yarjejeniyar haya idan kun yi. Wasu masu gidaje sukan rubuta cewa gyaran famfo, inji da wuta yana wuyan 'yan haya. Idan akwai wannan sharaɗi ka kuma sa hannu, lissafin ya sauya, sai nauyin ya koma kanku ku huɗu, ba kai kaɗai ba.

Yanzu ga wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Kai ma ka san bututun yana yoyo, kai ne ma ka ɗauki hotonsa, amma ka kunna inji ka bar shi ya kwana yana aiki. Na san halin da ake ciki, wanda bai tara ruwa lokacin da aka kawo wuta ba sai ya wayi gari yana neman 'yan garuwa. Alƙali ma ya sani. Duk da haka zai tambaye ka me ya hana ka tsaya ka kashe inji idan tanki ya cika. A ganina, idan aka je kotu, mai gida zai ɗauki kaso mafi tsoka, kai kuma da wuya ka fita ba ka taɓa aljihu ba. Gara ka shiga sulhu da wannan a ranka.

Idan kotun shari'ar Musulunci aka nufa, hanyar daban ce amma kusan wuri ɗaya ake sauka. Tushen shi ne hadisin "la darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba ya lamunce ɓarna sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Wajen biya kuma malamai sun bambance abu biyu. Abin da ake aunawa, kamar masara, irinsa ake mayarwa, mudu da mudu. Abin da ba a aunawa, kamar gini, ƙimarsa ake dubawa.

Wannan ya kawo mu kan katangar bulo. Diyya tana mayar da mutum inda yake kafin ɓarna ne, ba ta ɗaga shi sama. Wanda sashen katangarsa ta ƙasa ya zube, haƙƙinsa kuɗin gyaran wannan sashe ne da ginin ƙasa. Idan yana son bulo da siminti, sai ya cika ragowar daga aljihunsa. Ku kira magini biyu, ɗaya nasa ɗaya naku, kowa ya rubuta ƙiyasinsa. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. A duba kuma ko katangar dama damina ta riga ta ci gindinta, domin wannan yana rage abin da za a biya. Masarar ma haka: wadda za a iya shanyawa ta bushe ba asara ba ce, kuma wanda ya bar ta a buhu har ta yi funfuna bayan ya ga ta jiƙe, ba zai ɗora wa wani wannan ƙarin ba.

Batun 'yan sanda kuwa, kada ya hana ka barci. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda rikicin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya. Ba da gangan ka rushe masa katanga ba. Idan aka gayyace ka, ka je cikin ladabi da wani babba ko lauya, kada kuma ka sa hannu a takardar alkawarin biyan wani adadi a can.

Sai naira 38,000 ɗinka. Doka ta san haƙƙin ɗan haya ya gyara abin da ke wuyan mai gida, bayan ya sanar da shi, ya kuma nemi kuɗinsa. Amma ban taɓa ba wa kowa shawarar ya zare kuɗi daga haya da kansa ba tare da rubutu ba. Ranar da aka ɓata, mai gida zai ce kana da bashin haya, kai ne za ka koma mai kare kai a shari'ar tashi daga gida. A mazhabar Malikiyya ma, asalin hukunci shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, ɗan haya ake ba zaɓi ya zauna ko ya warware hayar. Wanda ya yi gyara ba da izinin mai gida ba, ana iya ce masa ya yi ne don raɗin kansa. Saboda haka ka karɓi rasit daga mai gyaran famfo, ko a 'yar takarda ce, da sunansa da kwanan wata da jerin kayan da ya saya. Ka rubuta wa mai gida kana neman ya biya ka ko ya yarda a cire daga hayar baɗi. Ko "na yarda" ya rubuto ta waya, ta wadatar. Daga nan kuɗin ya zama bashi tabbatacce, irin wanda kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019 suke saurara cikin hanzari, ba sai da lauya ba.

Wata 'yar tsokaci ga masu karatu da nasu ruwan na gwamnati ne. A bisa yadda aka saba, babban bututun titi na hukumar ruwa ne, wanda ya shiga gida daga mita ko makullin ruwa kuwa na mai gida ne. Idan na titi ne ya fashe ya yi maka ɓarna, ka kai rahoto a rubuce ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, ka ga lauya da wuri. Ƙarar hukumomin gwamnati tana da gajeren wa'adi, sau da yawa wata 3 kacal, kuma akan buƙaci takardar gargaɗi kafin a shigar da ita.

Abin da zan so ka yi a makon nan shi ne ka roƙi mai unguwa ya zaunar da ku uku, kai da mai gida da maƙwabci, da ƙiyasin maginan nan a hannu. Idan abin ya gagara a can, akwai Hisba, akwai kuma zauren sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha. Ka riƙe wayar da ka ɗauki hotunan da ita, kada ka sayar kada ka goge komai, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da hoto ko saƙo ya fito daga cikinta kafin kotu ta karɓa. Guntun bututun da ya fashe ma ka ajiye shi. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta adadin da kowa zai bayar da ranar biya, a kuma sa jimla ɗaya da ke cewa wannan biya ya rufe maganar katanga da ta masara gaba ɗaya, ku uku ku sa hannu da shaidu biyu.