Tambaya da Amsa: Mastas a siyasar ƙasa da ƙasa

Tambaya: Salam Malam, na karanta kimiyyar siyasa, na gama bautar ƙasa, yanzu ina son yin mastas a siyasar ƙasa da ƙasa a Birtaniya, wai wace jami'a zan nema kuma ina zan samu kuɗin? Ƙanenka daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. In tarihi kake bi to jami'ar Aberystwyth da ke Wales ce uwa, can aka fara buɗe sashen wannan fanni a 1919 bayan yaƙin duniya na farko, don a gano me ke haddasa yaƙi. Mastas ɗinsu shekara 1 ne amma fa kuɗin ba na wasa ba ne, ka gwada Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, sai dai suna son ka yi aikin shekara 2 tukuna, kuma in ka gama dole ka dawo gida.

Ni abin da ke ban haushi wajen zaɓen batun binciken mastas, yaro ya rubuta wai zai binciki "zaman lafiyar duniya", haba! Kama abu guda mana, misali ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, me ta yi wa 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi? Wannan ko a ABU Zariya kake za ka yi shi, kuɗin mota kawai.