Amsoshin Tambayoyinku: Wane littafi zan fara saya kan sihirin Turawa?

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan abu guda: littattafan da Turawa suka rubuta kan sihirinsu mai ƙa'idoji, irin wanda ake zana da'ira a ƙasa, a kunna turare, a sa tufafi na musamman, a kira sunayen mala'iku da rauhanai a sa'ar da aka zaɓa. Matsayina a fili yake. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisin Bukhari da Muslim, kuma ba zan nuna wa kowa hanyar aikata shi ba. Amma tarihinsa fage ne na ilimi, har Jami'ar Amsterdam ta kafa kujerar farfesa a kan irin wannan nazari a 1999. Duk wanda zai fitar da kuɗin guminsa kuwa yana da haƙƙin a gaya masa abin da yake shirin saya.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, ina shekarar ƙarshe a sashen Turanci, kuma kundina na kammalawa a kan mai waƙen nan W. B. Yeats ne. Duk inda na duba sai in ga an ce ɗan ƙungiyar Golden Dawn ne. An ba ni shawarar in sayi Modern Magick ko babban littafin Regardie. Kuɗin littafi ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?"

Ƙanena, kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ba ka shawarar ya ɗauka so kake ka zama ɗan ƙungiya, alhali kai so kake ka san ƙungiyar. Modern Magick na Donald Michael Kraig, wanda ya fito a 1988, darussa ne na aikatawa: yau ka yi kaza, gobe ka ƙara kaza. Ba zai gaya maka su wane ne suka kafa Golden Dawn ba, ko me ya haɗa su faɗa. Na Israel Regardie kuwa, wanda aka buga a juzu'i huɗu a Chicago tsakanin 1937 da 1940, tarin takardun cikin gida ne na ƙungiyar, ya fitar da su duk da rantsuwar rufe sirri da ya yi. Masu bincike suna komawa gare shi, gaskiya ne, amma mafari zai nutse a ciki: ga haruffan Ibraniyanci, ga jadawalin taurari, ga sunayen allolin Masar, duk a cakuɗe babu mai yi masa jagora.

Abin da kake bukata labarin mutanen ne. Golden Dawn ƙungiyar asiri ce ta masu irin wannan sihiri, an kafa ta a Landan a 1888, kuma mutum uku ne suka kafa ta: William Wynn Westcott, likita mai binciken musabbabin mutuwa, da S. L. MacGregor Mathers, da William Robert Woodman. Yeats ya shiga a 1890, shekaru da yawa kafin ya karɓi kyautar Nobel a 1923. Westcott ya ce izinin kafa ƙungiyar ya zo masa ne cikin wasiƙu daga wata Bajamushiya mai suna Anna Sprengel. Ellic Howe, a littafinsa The Magicians of the Golden Dawn na 1972, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya kawo hujjojin da ke nuna cewa wasiƙun nan ƙirƙira su aka yi. Shi ma Mathers ya tuhumi abokinsa da haka a 1900, shekarar da ƙungiyar ta dare, Yeats yana cikin waɗanda suka juya wa Mathers baya. Ka ga wannan ai shi ne naman kundinka. Littafin Howe za ka saya. Sai ka nemi Yeats's Golden Dawn na George Mills Harper, na 1974, a ɗakin karatun jami'arku, tare da juzu'in farko na tarihin rayuwar Yeats da R. F. Foster ya rubuta. Idan babu su, ka roƙi malamin da ke duba aikinka ya taimaka maka da hanyar samu, wannan yana cikin aikinsa.

Tambaya ta biyu ta fi damuna. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ce: "Ranka ya daɗe, na ga ana tallar wani littafi a Facebook, wai Mabuɗin Annabi Sulaiman ne da aka fassara daga asali. Mai sayarwa ya ce akwai hatimin buɗin kasuwa a ciki, kuma sai na tura kuɗi tukuna zai aiko. Kasuwa ta yi nauyi. In saya?"

Alhaji, Allah ya kawo buɗi na halal. Kada ka tura ko sisi.

Littafin da ake kira Key of Solomon ba shi da wata alaƙa da Annabi Sulaiman, alaihis salam, in ban da sunan da aka liƙa masa. Rubutattun kwafe-kwafensa da aka sani yawancinsu na Latin ne da Italiyanci da Faransanci, kuma masana suna kai asalinsa ga Italiya ta wajen ƙarni na 15. Mathers ɗin nan da na ambata a sama shi ya tattara wasu daga cikinsu a gidan tarihi na Birtaniya ya fitar da fassarar Turanci a 1889. Jingina wa Annabi Sulaiman sihiri tsohuwar ƙarya ce, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta riga ta wanke shi daga gare ta. To ina dalilin da Musulmi zai biya kuɗi a sayar masa da abin da Alƙur'ani ya ƙaryata?

Ko ta fuskar ciniki ma an cuce ka. Haƙƙin mallakar fassarar 1889 ya daɗe da ƙarewa, tana nan kyauta a intanet. Abin da mai tallar zai yi shi ne ya sauke ta, ya kai shagon buga takardu, ya sa bango mai ruwan zinariya. Irin waɗannan kwafin da ganinsu ka san su: rubutun ya karkace a shafi, zanen hatiman ya dusashe har ba a bambance harafi da ɗigon tawada, babu shafin da ke nuna maɗaba'a ko shekara, wani lokacin ma lambar shafi ta tsallake goma ba wanda ya kula. Wannan in har ya aiko ke nan. Tura kuɗi ga wanda ba ka san shagonsa ba cinikin biri a sama ne.

Kuma sana'ar ba sabuwa ba ce. A farkon ƙarni na 20 akwai wani mutum a Chicago, L. W. de Laurence, wanda ya riƙa kwashe littattafan Mathers da A. E. Waite yana sake bugawa da sunansa a bango, yana sayarwa ta gidan waya tare da zobba da turare da layu. Kundin tallarsa ya iso har Najeriya da Gana zamanin mulkin mallaka, mutane suna tura kuɗinsu Amurka domin neman sa'ar jarrabawa da ƙarin girma a wurin aiki. A Jamaika sai da hukumar kwastan ta sa littattafan kamfaninsa cikin kayan da aka hana shigowa da su. Ya mutu a 1936. Cikin abin da ya yaɗa har da Sixth and Seventh Books of Moses, wanda shi ma aka jingina wa Annabi Musa, alhali a birnin Stuttgart na Jamus aka buga shi a 1849. Idan kana son ka ga yadda wannan kasuwa ta taso, littafi ɗaya ya ishe ka: Grimoires: A History of Magic Books na Owen Davies, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar a 2009. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma ya yi magana a kan Afirka ta Yamma. Shi ne littafin da nake fara miƙa wa duk wanda ya tambaye ni wannan fanni, ko ɗalibi ne ko mai son sani kawai, domin wanda ya karanta shi da wuya wani mai talla ya sake ruɗarsa.

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta tambaya ko Dogme et Rituel de la Haute Magie na Éliphas Lévi ya dace da mafari, tunda ita Faransanci ta fi ji.

Malama, bai dace ba. Lévi, wanda sunansa na gaskiya Alphonse-Louis Constant, ya yi karatun zama limamin coci ya bari, kuma littafin nasa da ya fito a shekarun 1850 ya yi tasiri ƙwarai a kan 'yan Golden Dawn. Alƙalaminsa yana da daɗi, amma yakan faɗi abin da ya raya a ransa kamar tabbataccen tarihi. Shi ya yaɗa zancen cewa manyan katunan tarot 22, waɗanda ake duba da su, sun yi daidai da haruffan Ibraniyanci 22, alhali katunan nan don wasa aka ƙirƙiro su a Italiya a ƙarni na 15. Ki fara da ɗan ƙaramin littafin Antoine Faivre, L'ésotérisme, a jerin Que sais-je?, ba shi da tsada kuma ba shi da yawa. Na Lévi kuwa kyauta ne a intanet, kada ki biya kuɗin jirgi a kansa.

Ta ƙarshe daga wani malamin tarihi ce a Katsina: "Na ji an ce Turawa daga littattafan Larabawa suka kwaso wannan ilimi. Gaskiya ne? Kuma in ina son in ga tushen da idona, me zan saya?"

Malam, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Sihirin Turawa ya sha daga rijiyoyi da yawa: falsafar Girka, da Kabbala, wato ilimin asirin Yahudawa, da addu'o'in cocin Katolika da wasu ƙananan malaman coci suka karkatar, kamar yadda Richard Kieckhefer ya nuna a Magic in the Middle Ages na 1989. Rijiyar Larabci tana cikinsu, kuma babba ce. Littafin Ghayatul Hakim, wanda aka rubuta a Andalus, an fassara shi a fadar Sarki Alfonso na 10 na Kastila a 1256, daga baya ya shiga Latin da sunan Picatrix, ya zagaya Turai. Idan ka buɗe juzu'i na biyu na littafin Heinrich Cornelius Agrippa, De occulta philosophia, wanda ya fito cikakke a 1533, za ka ga hatimai na lissafi da aka raba wa taurari bakwai, daga mai gida uku-uku na Zuhalu zuwa mai gida tara-tara na wata. Na farkon shi ne wanda kowane layinsa ke tashi 15, a tsaye da a kwance da a karkace. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin tsibbu a ƙasar Hausa ya ga wannan hatimi a kan allo.

Kuma garinku yana da hannu a wannan tarihi. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya yi rubutu kan lissafin hatimai, ya kuma rubuta littafinsa Ad-Durrul Manzum kan sihiri da ɗalasimai da taurari. A can ya rasu a 1154 bayan Hijira, wajen 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau saboda dabarunsa na tsara hatimai masu gidaje mara, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Ina ganin ɗalibanka sun fi cancantar su san sunansa fiye da na Aleister Crowley, shahararren mai sihirin nan na Ingila.

Game da saye, ka fara da abin da wataƙila yana kan kantarka: Muƙaddimar Ibn Khaldun. Akwai fasali a kan sihiri da ɗalasimai, da wani a kan ilimin sirrin haruffa. Ya ambaci Ghayatul Hakim, ya ambaci al-Buni, wanda ake jingina wa littafin Shamsul Ma'arif, ya bayyana abin da masu fannin ke da'awa, sannan ya faɗi hukuncin shari'a a kai. Samun marubuci da ya fahimci abu ya kuma yi masa hukunci ba tare da ya ruɗu da shi ba, ba ƙaramin abu ba ne. Shamsul Ma'arif da ake sayarwa a shagunan littattafan Larabci kuwa ba na ba da shawararsa ga mafari, kuma masu bincike sun nuna cewa babban bugun da ke yawo tari ne da aka yi ta ƙara wa abubuwa bayan rasuwar al-Buni da ƙarnoni.

Idan bincikenka ya kai ga Agrippa kansa, ka lura da bugun da za ka biya. Fassarar Turanci ta 1651 kyauta ce, amma da tsohon rubutu take, harafin s yana kama da f, ga kurakuran fassara. Bugun Donald Tyson na 1993 wannan tsohuwar fassarar ce aka yi wa sharhi mai yawa. Eric Purdue ya fitar da sabuwa daga Latin a 2021, ta fi inganci, ta kuma fi tsada, musamman in aka haɗa da kuɗin aikowa da canjin dala. Abin da ake kira littafi na huɗu na Agrippa ba nasa ba ne, bayan mutuwarsa ya ɓullo, kuma almajirinsa Johann Weyer ya musanta shi. The Magus na Francis Barrett na 1801 kuwa yawancinsa daga fassarar 1651 aka kwafo, don haka wanda ya sayi su biyun ya biya sau biyu a kan abu ɗaya. Picatrix yana da fassarar masana ta Dan Attrell da David Porreca, daga maɗaba'ar Jami'ar Jihar Pennsylvania a 2019, da gabatarwa mai amfani ga malamin tarihi. Tunda kana jin Larabci, ka nemi makarantarku ta saya wa ɗakin karatu wannan, kai kuma ka riƙe Ibn Khaldun da Davies a gida.