Amsa ga Hajiyar da ke tambayar jirgin ruwan shaƙatawa: riƙe kuɗinki tukuna

Wa alaikumus salam Hajiya. Ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, saboda maganar da kika jefa a ƙarshe kamar ba komai ba, wai ejan ya ce ki biya kafin Juma'a, biza kuma ba matsala, kamfanin jirgi ne ke ɗaukar nauyi. Irin wannan zaƙin baki ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa za ki yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Kin ce kina tsakanin babban jirgi mai kwana 7 a Bahar Rum da wani ƙarami na alfarma da ya ninka shi tsada, kuma ku uku ne, ke da Alhaji da Mama. Zan zo kan wannan. Amma don Allah kada ki tura ko sisi sai kin gama karantawa.

Babu kamfanin jirgin ruwan da ke nema wa mai koren fasfo bizar Turai. A takardar sharuɗɗansu a rubuce yake cewa biza nauyin fasinja ce, wanda ya zo babu ita ba zai hau ba, kuma ba a mayar masa da kuɗi. Ejan ya san wannan sarai. Abin da yake so shi ne ladansa ya shiga kafin ki farga. Wasu ma mugun abin da suke yi, sai su nema miki bizar Shengen, wato ta haɗakar ƙasashen Turai, mai shiga sau ɗaya, ki gan ta manne a fasfo ki yi hamdala, alhali jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro a tsakiyar tafiya. Waɗannan ba sa cikin Shengen. Da zarar jirgi ya tsaya can, kin fita, shigarki ɗaya ta ƙare, babu ta komawa Italiya. Kada ki ce ai ba za ki sauka ba, a ɗaki za ki zauna. Ba ruwansu da wannan. A tashar farko ake duba fasfo a kan duk wuraren da jirgi zai tsaya. Ki hango kanki a gaban kanta a Basalona, an riga an karɓi akwatunanku an manna musu lamba, ma'aikaciya na juya fasfonki shafi bayan shafi, ta kira na sama da ita, shi ma ya juya, sannan cikin ladabi su ce ku koma gefe. Mutanen da ke bayanku suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ga jirgin nan kamar bene mai hawa goma sha biyar kina kallonsa ta gilashi. Ki kira ejan, wayarsa a kashe, in ma ya ɗauka ya ce miki ƙaddara ce. Ƙaddara! Mutumin da bai ɓata minti biyar ya karanta jerin tashoshi ba. Har akwatunan sai kin zauna jiran a tono miki su daga cikin dubbai. Allah dai ya isa, ba zan ƙara ba.

Saboda haka ki ce ya turo miki jerin tashoshin, rana bayan rana, da sunan jirgin da ranar tashi. Ki zauna da biro ki rubuta ƙasar kowace tasha. In duk Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta da Girka ne, Shengen ɗaya ta wadatar, Kuroshiya ma ta shiga tun Janairun 2023. In akwai ko ɗaya a waje, mai shiga da yawa kike buƙata, sannan ki bincika ko ita ƙasar ta wajen tana son tata bizar daban. Kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne ga babba, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana nema a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za ku fara shiga. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6, ki yi amfani da wannan damar, don samun ranar ɗaukar hoton yatsu a Abuja ko Legas shi ne babban aiki. Za su so ganin shaidar kin kama ɗaki, to ki biya kafin alƙalami kawai, wanda aka rubuta cewa ana mayarwa, ragowar sai biza ta fito. Yawancin kamfanoni ba sa neman cikon kuɗi sai saura wata 2 zuwa 4. Maganar Juma'ar nan tasa ce, ba ta jirgi ba. Kuma ki ce ya ba ki lambar rajistar ɗakin, ki shiga shafin kamfanin da kanki ki ga sunayenku. In ya fara kame-kame kin samu amsarki.

To, babba ko ƙarami. Ni a wurina alfarma a kan ruwa ba yawan fitilu da tsayin bene ba ne, yawan mutanen da za ki yi gogayya da su ne. Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Wannan ai babbar kasuwar Gombe ce ranar jajibirin sallah aka ɗora a kan ruwa. Layi wurin abinci, layi wurin lifta, layi wurin sauka. Jiragen kamfanonin alfarma irin su Silversea da Seabourn da Regent kuwa mafi yawansu ba su kai mutum 800 ba, Explora I ya ɗan haura 900. Shiru, ma'aikata sun san sunanki a kwana na biyu, kuma suna shiga ƙananan tashoshin da manya ba sa iya kusanta. Sai dai ga inda nake jin haushi: kuɗin da ake cewa komai na ciki, babban kaso nasa na giya ne, sha iya shanka dare da rana. Mu da shayi da lemo za mu sha, mun biya wa wasu kenan. Shi ya sa ga mutanenmu na fi son tsaka-tsaki, wato sashen manyan baƙi da ke cikin babban jirgi. MSC na kiran nasu Yacht Club, Norwegian na kiran nasu The Haven. Ƙofarsa daban ce sai da katinki take buɗewa, ɗakin cin abinci daban, wurin shan iska daban, ga hadimi mai kula da ɗaki, ranar hawa ma ba kya bin dogon layi. A na MSC ma akwai kuɗin abin sha a ciki, amma jimillar takan yi ƙasa da ta ƙananan jiragen. In kuma abin da ya fi damun Alhaji shi ne caca da hayaniyar yara, jiragen Viking ba su da gidan caca, ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba.

Ban ga kin ambaci Aroya ba, kuma da shi zan fara in da Mama zan tafi. Na Saudiyya ne, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024. Abinci halal, babu giya, akwai wurin salla. Babban jirgi ne mai ɗaukar sama da mutum 3,000, ba zan ce miki ya kai waɗancan ƙananan natsuwa ba, amma ba za ki riƙa tsare mai dafa abinci da tambaya ba. Nan ma dai maganar biza na nan: in zai leƙa Masar ko Jodan, fita ce daga Saudiyya.

Ɗaki. Kada a yaudare ki da na ciki mai araha, ba shi da taga ko kaɗan, ba ki san dare ba ki san rana ba, lokacin asuba sai dai agogo. Ɗauki mai baranda. Ki buɗe taswirar jirgin ki zaɓi lambar ɗakin da idonki, don akwai farashi mai rangwame da kamfani ke zaɓa miki daga baya, nan ne ake jefa mutum bayan kwale-kwalen ceto, ki buɗe labule ki ga ƙarfe mai ruwan lemo maimakon teku. Ki duba abin da ke samanki da ƙasanki. In wurin wanka ne a sama, tun asuba ake jan kujeru a kanki. In gidan rawa ne a ƙasa, sai bayan ɗaya na dare za ki runtsa. Mafi kyau ɗakuna a sama, ɗakuna a ƙasa. Saboda jiri kuma, tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, don goshi da hawa na can sama su suka fi tangaɗi. Teku ba madatsar Dadin Kowa ba ce. Ki tafi da maganin tashin zuciya irin Stugeron, ana sha kafin jiri ya fara, yana sa barci, kuma ki nuna wa likitan Mama tukuna tunda kin ce tana shan na hawan jini. Citta ma tana taimakawa.

Farashin da ya nuna miki na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Mama ba za ta kwana a kujerar ɗakinku ba, in kuma ta kama nata ita kaɗai za ta biya kusan kuɗin mutum biyu. Tunda haka ne ki haɗa ta da jika ko ƙanwarki, gadon an riga an biya shi. Sannan akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kullum a kan kowane mutum, daga kamar dala 12 zuwa 20 gwargwadon kamfani. A dala 16, ku uku a dare 7 dala 336 kenan da ba ya cikin lissafin ejan. Regent da Silversea sun saka nasu a cikin farashi. A yawancin manyan jirage intanet daban, yawon gari daban. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, kati ake ɗaurawa a asusun ɗaki su riƙe wani abu a kai, katin naira kuwa kin san halinsa a waje, ki tafi da na asusun dala ko ki ajiye musu tsaba ranar farko. Wayoyinku duka ku kashe musu layi da zarar an bar gaɓa, don jirgi na da nasa layin na tauraron ɗan adam mai cinye kuɗi cikin mintuna.

Maganar abinci, in ba Aroya ba ne, a rubuce ake neman halal, tun saura wata 2 ko fiye, kuma ki riƙe amsarsu a waya. Ko sun ce to, wani lokaci daskararren abinci ne a leda ake ɗumama miki. Kifi da ƙwai da ganye sun fi kwanciyar hankali, amma ki riƙa tambaya ko an zuba giya a miyar, don girkin Italiya da Faransa ba ya rabuwa da ita, har kayan zaƙi. Daren farko ki nemi shugaban masu hidimar tebur ki gaya masa, zai riƙa kawo miki jerin abincin gobe tun yau. Yajinki a kwalba mai murfi yakan wuce. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a Gombe, ba a shiga Turai da nama.

Abin da zai ba ki haushi: an hana turaren wuta a jirgi. Kasko, gawayi, kyandir, dutsen guga, tukunyar dafa ruwa mai wuta, duk ana tsamo su a na'urar duba kaya, wuta ce babban abin tsoronsu. Humra da turaren fesawa kawai. Buta ƙarama dole, banɗakunan babu tiyo, kuma masan na zuƙa ne da iska kamar na jirgin sama, in aka jefa abin da ba takardarsu ba har na maƙwabta yake toshewa. Alƙibla tana juyawa da jirgi, ƙarfensa kuma yana rikita na'urar waya, amma akwai tashar talabijin ta ɗaki mai nuna inda goshin jirgi ya dosa, da ita ake kwatantawa. Daren ado, babbar rigar Alhaji da leshinki sun fi kwat ɗinsu, har hoto za a nema. Wurin wanka na sama dai maza da mata ne a haɗe cikin kayan da kin sani, ki gaya wa Mama tun a gida kada salatinta ya tara muku jama'a.

Wata ba kowane ba. Yuli da Agusta zafi da cunkoso, Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba sun fi. Ki lura kuma in an rubuta Roma, jirgi a Civitavecchia yake tsayawa, tafiyar sama da awa ɗaya a mota. Santorini ba a jingina da gaɓa, ƙaramin jirgi ke kwasar mutane, gwiwar Mama ba za ta so wannan ba. In kun fita yawo da motar kamfanin jirgi kuka makara za a jira ku, in da taku tasi ce tafiyarsu za su yi.

Sai hanyarmu ta nan. Kada ki kuskura ki haɗa jirgin sama daga filin Lawanti na Gombe zuwa Abuja da na waje a rana ɗaya, na Bauchi ma haka, kin san yadda ake ɗage tashi babu sanarwa, balle lokacin hazo. Ku kwana a Abuja, ku kuma isa garin da jirgin ruwan zai tashi da kwana 2 a hannu, saboda akwatin da ya maƙale a Alƙahira ko Istanbul ya samu ya iso. Magungunan Mama da kayan sawa na kwana ɗaya su zauna a jakar hannu, ranar hawa akwati kan kai yamma bai zo ɗaki ba. Fasfo ya zama da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, katin rigakafin shawara a tsakiyarsa.

In kuma bizar ta ƙi, ki duba Kogin Nilu, Luksor zuwa Aswan dare 4, bizar Masar kaɗai, babu igiyar ruwa ko ɗaya, ana jin kiran salla daga ƙauyukan bakin kogi, Oktoba zuwa Afrilu ne lokacinsa. Turo jerin tashoshin nan mu duba tare kafin Juma'ar tasa. A gaida Mama.