Tambayi Likita: Jinin da ba ya tsayawa, da gwiwar da ke kumbura ba buguwa

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon sun taru a kan cututtukan daskarewar jini da ake gado, musamman himofiliya. Akwai guda ɗaya a ciki da ta tsaya mini a rai tun da na karanta ta, a kanta zan fi daɗewa.

Likita, himofiliya da sikila ciwo ɗaya ne? Daga wani ɗalibi.

A'a. Duka biyun gado ne, iyakar haɗinsu ke nan. Sikila a jajayen ƙwayoyin jini take, himofiliya kuwa ƙarancin sinadarin da ke daskarar da jini ce. Gwajin AA da AS ba ya nuna ta, nata gwajin daban ne.

Likita, ɗana shekararsa huɗu. Tun yana rarrafe nake ganin kwanciyar jini a jikinsa, da aka yi masa kaciya kuma sai da ya kwana biyu jini bai tsaya ba. A asibiti suka ce himofiliya ce. Yanzu gwiwarsa ta dama takan kumbura ta ɗau zafi, ba faɗuwa ba buguwa. Kakarsa ta ce mataccen jini ne ya taru, a tsaga a fitar, a riƙa gasawa da ruwan zafi ana murzawa. Dangin mijina na cewa ni na jawo masa, wasu na cewa jifa ne. Idan ciwon ya tashi ina ba shi ibuprofen. Don Allah me zan yi? Daga wata uwa.

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin kowane bayani, ki riƙe waɗannan: kada a tsaga gwiwar nan, kada a murza, kada a gasa, kuma ibuprofen ɗin ki ajiye shi daga yau. In gwiwar a kumbure take yanzu da kike karanta wannan, ki ɗauke shi zuwa asibiti, karatun zai jira ki.

Idan jijiyar jini ta yage, wasu ƙananan ƙwayoyi ne ke fara rugawa su toshe wurin. Toshiyar tasu ba ta da ƙwari, sai wasu sinadarai da ke cikin ruwan jini, waɗanda muke kira fakta, sun bi ta kai sun saƙa mata raga. Sinadaran nan aikin miƙa-miƙa suke yi, wannan ya tada wancan, in ɗaya ya ɓace aikin ya tsaya. Mai himofiliya A fakta 8 ne ya yi masa ƙaranci, mai himofiliya B kuma fakta 9. Ta A ta fi yawa, ana samun ta a kusan ɗaya cikin kowane jarirai maza 5,000. Shi ya sa jinin ɗanki yakan yi kamar ya tsaya, bayan wasu awanni ya dawo: toshiyar farko ce ta ɓalle don ba abin da ya riƙe ta.

Mutane yankan fata suke tsoro, alhali ƙaramin yanka yakan tsaya in an danne shi da kyau. Abin da ke hana mu barci shi ne jinin da ke zuba ta ciki, a gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu da cikin tsoka. Ki lura da yaronki. Kafin ki ga kumburi, zai daina wasa ya zauna shiru, ya lanƙwashe ƙafar kaɗan ya ƙi miƙe ta. In kin kai hannu za ki ji wannan gwiwar ta fi 'yar'uwarta ɗumi. Yara masu wayo sukan ce suna jin kamar tururuwa na yawo a ciki. To, a wannan lokacin jinin ya riga ya fara zuba, kuma a nan ne allurar fakta ta fi amfani. Ƙa'idarmu ita ce a yi ta cikin awa 2 in da hali.

Kaka ta yi gaskiya a abu ɗaya, jini ne a cikin gwiwar. Amma a tsaga jikin yaron da jininsa ba ya daskarewa? Wallahi duk lokacin da na ji wannan shawarar sai raina ya ɓaci. Mun sha karɓar irinsu da tsakar dare, an naɗe ƙafa da tsumma ya jiƙe sharkaf, leɓɓan yaro sun yi fari, ƙarfin kuka ma babu, an cusa toka ko wani gari a bakin tsagar. Jinin da ke cikin gaɓar bai fita ba, an buɗe masa sabuwar ƙofa ta waje, ga ƙwayoyin cuta an shigar. Ko a asibiti ba kasafai muke zuƙe jini daga gaɓa ba, in ta kama dole kuma sai an fara yin allurar fakta. Ruwan zafi buɗe jijiyoyi yake yi, zubar ta ƙaru. Murza kuma fasa ɗan abin da ya fara toshewa take yi. Ibuprofen, diclofenac da asfirin suna raunana ƙwayoyin nan masu toshiyar farko, wato kariya ɗaya da ta rage wa ɗanki. Ki riƙa duba jikin kwali, domin wasu magungunan mura da ciwon jiki suna ɗauke da su a ciki. Farasitamol ne nasa, daidai nauyinsa.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a kan sauri: jinin da ya kwanta a gaɓa yana fusata tantanin da ke lulluɓe da ita, ya yi kauri, ya fito da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su kuma su sake fashewa. Haka gwiwa ɗaya ke zama ita ce kullum, kamar ta ɗanki ta dama. A hankali guringuntsi ya cinye, cinya ta motse, ƙafa ta ƙage a lanƙwashe. Yaron da zai yi gudu da ƙafarsa sai a wayi gari yana dogara sanda tun bai balaga ba, kuma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa.

Kafin ku isa asibiti, ki hana shi takawa, ki ɗaga ƙafar a kan matashi, ki naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora kamar minti 15, ki ɗaure da bandeji ba tamau ba. Wannan taimako ne kawai, ba ya maye gurbin allurar. In kun je, ki faɗa da bakinki tun daga ƙofa cewa yana da himofiliya, ki faɗi A ce ko B, kuma kada a yi masa allurar tsoka. In ba ki san nau'insa da matakinsa ba, ki tambaya a rubuta miki a kati. Mai ƙasa da kashi 1 cikin 100 na fakta shi ne mai tsanani, daga 1 zuwa 5 matsakaici, sama da 5 zuwa 40 mai sauƙi. Yadda ɗanki ke zubar da jini ba buguwa, ya yi kama da mai tsanani. Ki nemi a haɗa ku da likitan jini, a sa sunansa a rajistar masu ciwon. Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963 a Montreal ta ƙasar Kanada, tana aika fakta kyauta zuwa ƙasashe masu ƙarancinsa, kuma ta hannun cibiyoyin da ke da rajista yake isa ga marasa lafiya.

Akwai wuraren da ba a jira ko minti ɗaya: buguwa a kai ko da bai yi kuka ba, ciwon kai mai naci, amai, yawan barci, kumburin wuya ko ƙasan harshe, ciwon ciki ko ƙugu mai tsanani, baƙin bayan gida. Ko ƙarfe nawa ne, asibiti.

Sai maganar laifi. Ba jifa ba ne, ba kuma wani abu kika ci ko kika aikata ba. Umarnin ƙera fakta 8 da 9 yana kan ƙwayar gado da ake kira X. Mace tana da X biyu, in ɗaya ta samu tangarɗa ɗayar ta rufa mata asiri. Namiji guda ɗaya gare shi, daga uwa. Uwar da ke ɗauke da shi, kowane ɗanta namiji yana tsakanin samu da rashi rabi da rabi, kowace 'yarta ma rabi da rabi ne ta ɗauka. Namiji mai ciwon kuwa ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Kuma kusan ɗaya cikin uku na yaran da ake haifa da shi, ba a taɓa jin sa a danginsu ba, sabon sauyi ne ya auku. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da shi, ɗanta Leopold, wanda ya gaji ciwon, ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya faɗi, kuma ta hanyar 'ya'yanta mata ciwon ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifaniya. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Ki roƙi maigidanki ya raka ki ganin likita, ku tafi da kaka in za ta yarda. Abin da ta ji daga bakin likita ya fi zama mata a kunne fiye da wanda ta ji daga bakin suruka. Ke da 'yan'uwanki mata da 'ya'yanki mata ku yi gwaji. In kin sake samun ciki ki sanar tun awon farko, a haihu a asibiti, kuma in namiji ne kada a yi masa kaciya sai an auna jininsa.

Na sake faɗa: kada a tsaga gwiwar nan.

Maganin ƙarin jini ko bitamin K zai warkar da himofiliya? Daga wani uba.

Ba zai warkar ba, Malam. Maganin ƙarin jini yana mayar da abin da aka zubar ne, ba ya ƙera fakta. Bitamin K ma ba ya gyara himofiliya.

Likita, ƙanena ake wa allurar fakta. Haka zai ƙare rayuwarsa? Na kuma ji an ce ana ɗaukar cuta ta cikinta. Daga wani magidanci.

Ciwon na tsawon rai ne, amma mai samun magani yana karatu, ya yi aiki, ya yi aure, ya tsufa. Fakta 8 ba ya daɗewa a jini, cikin awa 8 zuwa 12 rabinsa ya tafi, shi ya sa masu yin sa don kariya kan yi sau biyu ko uku a mako. Wannan tsarin ya fi jiran sai jini ya zuba. Tun 2017 akwai emicizumab ga masu nau'in A, allurar ƙarƙashin fata ce, sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, ko huɗu. Kariya take bayarwa, ba da ita ake tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle ba. A 2022 kuma Amurka ta amince da maganin ƙwayar gado na farko ga manya masu nau'in B, sai dai bai kai ga yawancin mutane ba tukuna.

Tsoronka yana da asali. A shekarun 1980 dubban masu himofiliya sun kamu da HIV da ciwon hanta nau'in C ta faktan da aka tace daga jinin mutane. Bayan nan aka shiga tantance jini da kashe ƙwayoyin cuta, kuma tun 1992 ake ƙera fakta 8 ba daga jinin mutum ba. Abin da za ku sa wa ido yanzu daban ne: in allurar ta daina aiki kamar da, ku faɗa wa likita da wuri, domin jikin wasu yakan ƙera garkuwar da ke kashe faktan, kuma akwai gwajinta.

Ni mace ce, shekarata 19. Al'adata takan kai kwana 10, da guda-guda, ga yawan haɓo. An ce mini mata ba sa irin wannan ciwon.

'Yata, wanda ya faɗa miki bai sani ba. Akwai cutar von Willebrand, wadda wani likita ɗan Finlan mai wannan sunan ya bayyana a 1926. Ita ce ta fi yawa cikin cututtukan zubar jini na gado, kuma ba ta bambanta mace da namiji. Mace mai ɗauke da himofiliya ma faktanta na iya yin ƙasa har ta riƙa zubar da jini. Al'adar da ta wuce kwana 7, ko wadda ake canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ba abin haƙuri ba ce. Ki je a auna ki, har da yawan jininki. Akwai magani, irin su tranexamic acid, amma likita ne zai rubuta. Kada ki sha ibuprofen don ciwon mara kafin a gano. In kina jin jiri ko bugun zuciya, yau za ki je.

Za a iya cire wa yaro mai himofiliya haƙori? Allurar rigakafi fa?

Za a iya, in likitan jini da na haƙori sun shirya tare tun kafin ranar. Rigakafi kuma kada ya tsallake ko ɗaya, ki dai sanar da mai yin allurar, a danne wurin minti 5 ba murzawa.

Likita, ni nawa akasin haka ne. Jini ya daskare mini a jijiyar ƙafa, aka ce gado ne, mahaifina ma ya yi. Ina shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, yanzu na ji sauƙi. In daina? Daga wata matar aure.

Kada ki daina, Malama, sai wanda ya ɗora ki ya ce. Jin sauƙi ba ya nufin haɗarin ya wuce, gudan jini na iya ɓallewa daga ƙafa ya toshe huhu. Naki rukunin, na masu saurin daskarewar jini ta gado, ya haɗa da ƙarancin furotin C ko S, da Fakta 5 Leiden wanda aka gano a 1994 a ƙasar Holan. Ki riƙa gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kan lokaci, yawanci tsakanin 2 da 3 ake so. Kada ki haɗa shi da asfirin ko wani jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin ba naki ba ne. In kina son ɗaukar ciki, ki faɗa tun kafin ya shiga, domin warfarin na cutar da ɗan tayi, allurar heparin ake komawa. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ki tafi asibiti nan take.

Ɗana mai himofiliya yana kuka sai ya yi wasa da yara. In bar shi?

Ki bar shi, Hajiya, tsoka mai ƙarfi tana kare gaɓa. Iyo, tafiya, da keke da hular kwano duk sun dace. Dambe, kokawa da duk wasan da ake karo ne ba nasa ba. Ki sanar da malaminsa, ki sa masa katinsa a aljihu, kuma in ya bugu a kai a kira ki nan take ku wuce asibiti.