Ta ina za mu samo kuɗin gyaran filin wasan unguwarmu?

Ɗan'uwa, ka ce filin ƙwallonku na Bolari a Gombe ya zaizaye, lilon yara ya karye, kuna neman hanyar kuɗi. Mu ma mun taɓa shiga wannan hali.

Kafin ku karɓi ko sisi, ku tabbatar filin na waye. Ku ɗauki mai unguwa ku je GOGIS, hukumar kula da takardun filaye ta jihar Gombe, a duba takardu, kar ku zuba kuɗi wata safiya ku tarar wani ya haƙa harsashi a tsakiya.

Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum 3. Kuɗin jama'a a aljihun mutum ɗaya zargi yake haifarwa, komai amanarsa. Mu duk Juma'a muke liƙa lissafi a ƙofar masallaci.

Ku fara da karo-karo gida-gida, sannan ku tunkari kansila da ɗan majalisarku da ƙiyasi a rubuce. 'Yan kasuwa kuwa sun fi sakin siminti ko tifar yashi a kan tsabar kuɗi.

Mu mun yi gaggawar sayen raga da fenti, ba mu yi magudana ba. Ruwan Agusta ya kwashe cikon kaf, har gindin turakun gola ya fito. Ku nemo injiniya ya auna gangaren, a yi aikin da rani.